Yadda Ake Tsufar da Sabon Littafi Kafin Baƙi Su Iso

Idan ke ce mai kula da ɓangaren yara a ɗakin karatu na jama'a, kuma littattafan da aka damƙa miki amana har yau suna ƙamshin kamfani, to gyara zama. Hanyar da ke tafe ba ta taɓa kunyata kowa ba. Mutum ɗaya ce ta taɓa bin ta, wato Madam Hawa ta wani ɗakin karatu a nan cikin Tawa, kuma ta kai gaci. Ke nan duk wanda ya taɓa bin ta ya dace. Ki bi matakan yadda suka zo, kada ki tsallake ko ɗaya. Tabbas littafi zai tsufa, baƙi za su gani, kayanki kuma za su kwana inda suke.

1. Ki fara da hana littafin tsufa

Ba a tsufar da abin da ya riga ya tsufa. Saboda haka aikin farko shi ne ki samu sababbin littattafai, ki tsare su tsakani da Allah.

A nan babu mai koya wa Madam Hawa. Mace ce da kwanukan aurenta ke jere cikin kabet tun kafin ta haifi babbar 'yarta, wadda yanzu take jami'a, kuma har yau ko ƙwayar gero ba ta taɓa sauka cikinsu ba. Da mijinta ya sayi babur, ita ta hana a cire ledar wurin zama, sai rana ce ta cire ta da kanta. Ranar da mutanen wani furoje, wato wani shirin tallafi, suka sauke kwalayen littattafan yara, wasu da Hausa wasu da Faransanci, masu hotuna, kowanne cikin ledarsa yana sheƙi, ta dube su ta ce a ranta an kawo su inda aka san darajarsu.

Ki yi yadda ta yi. Ki samu armuwar, wato kabet, mai gilashi. Ki jera su jeren amarya: dogaye a baya, gajeru a gaba, jajaye wuri ɗaya, shuɗɗa wuri ɗaya. Abin da aka rubuta ciki ba ruwanki. Ki kulle, ki jefa mabuɗin cikin jakarki.

Kada ki kori yara. Gidan na jama'a ne, kuma a jikin ƙofa akwai allo da ya faɗi ayyukansa: karatu a zaune, aron littafi zuwa gida, da karatun yara ranar Laraba da yamma, lokacin da babu lakkwal, wato makarantar boko. Duka ukun suna nan. Ranar Laraba yara su zo, su wanke hannu, su zauna kan tabarma, ki raba musu tsofaffin littattafan da babu abin da zai ƙara samun su: ƙamus ɗin da farkonsa ya ɓace, da rahoton noman albasa na zamanin da iyayensu ke goye. Wanda ya gaji ya je ya kalli sababbin ta gilashi, hannu a baya. In sun tafi ki goge sawun hanci. Aro kuwa yana nan daram, ba a dai samu wanda ya cancanta ba tukuna.

Masana sun tabbatar: littafin da ba a buɗe ba, ba ya yagewa.

2. Ki ji mummunan labari daga bakin wanda abin ya faɗa wa

Kina cikin wannan kwanciyar hankali, sai wani abokin aiki ya shigo. Na Madam Hawa shi ne Malam Issouf, mai riƙe da wani ƙaramin ɗakin karatu can wajen Tebaram, mutumin da shi ma ya san amana. Gaisuwar ma bai ja ta ba.

"Madam, sun zo mini."

"Su wa?"

"Mutanen furoje, masu littahin yara. Da wata Madam Raƙiya daga Yamai, 'yar siririya, ba ta da hayaniya. Na kawo ruwa, na kawo kujera. Ta ce in buɗe armuwar. Na buɗe ina jin daɗi, don ko ƙuda bai taɓa sauka kansu ba."

"Ai sai yabo."

"Ta ɗauki ɗaya ta kai hanci. Ta ce, 'Malam, wannan bai san yaro ba.' Ta kira direba ya kawo kwalaye. Yanzu haka suna Kalfu. Wai can yara sun cinye nasu, suna neman ƙari."

"Cinyewa hwa?"

"Haka ta ce, tana murna. Ni da na tsare amana, armuwar ta bar mini. Buhun gero na sa ciki, don kada ta zauna banza." Ya sha ruwa, ya ajiye kofi. "Laraba ta sama ku za ta zo ma. Na ce gara in hwaɗa miki."

Bayan ya fita, Madam Hawa ta juya ta dubi jerenta. Ɗakin nan fentinsa ya koɗe, fankarsa ɗaya ce kuma sai ta ga dama, kujerunsa kowace da irin gurguntarta. Abin da ya hana shi zama ɗakin ajiya shi ne armuwar nan. Ta hango ta wayam a bayan teburinta, ta hango jajayen nan da shuɗɗan nan a hannun yaran da suka cinye nasu. Ba ta san yadda ake cinye littafi ba, ba ta kuma so ta sani.

In kin ga gemun ɗan'uwanki ya kama da wuta, ko ba ki da gemu, nemi ruwa. Baƙuwa tsufa take son gani. To a nuna mata tsufa.

3. Ki cire leda

Wannan mataki gajere ne, amma shi ya fi ciwo. Ki rufe ƙofa. Kada ki yaga, ki bi bakin ledar da reza a hankali, littafin ya zame. Kowace leda ki shimfiɗe ta, ki ninke, ki ajiye. Madam Hawa ta ce wa kanta in baƙi sun tafi kowa zai koma rigarsa.

4. Ki nemi mai shayi

An san littafin da aka karanta yana da tabo. Tabo mafi mutunci kuwa shi ne na shayi: ba ya wari, ba ya kiran tururuwa sosai, kuma yana nuna mai karatun mutum ne mai natsuwa.

A bakin ƙofar ɗakin karatun akwai Rissa mai gadi, mutumin arewa, wanda butar shayinsa ba ta sauka daga kan gawayi. Madam Hawa ta kira shi ciki, ta tura masa littafi ɗaya.

"Rissa, ɗora ɗan kofinka nan."

Ya dubi littafin, ya dube ta. "Kan littahi, Madam?"

"Kan littahi."

"Bara, don na jingina da armuwar, kin daina amsa gaisuwata har wata ya mutu."

"Bara daban, bana daban. Ɗora."

Ya ɗora kamar mai tsoron kofin zai fashe. Da ya ɗaga, ga zobe ja, kewayayye, ba ƙari ba ragi. Ta ji abin har cikin haƙori, amma ta tura masa na biyu. Kafin azahar Rissa ya saki jiki, har yana tambaya ko ta fi son tabon dafuwar farko mai ɗaci, ko na ƙarshe mai sukari. Ki zaɓi na farko, ya fi kama takarda.

5. Ki ƙara da dabarun hannu, sannan ki lura ba su yi ba

Ki lanƙwasa kusurwar shafi. Madam Hawa ba ta iya aikin ganganci ba, saboda haka da abin ja layi ta auna kowace kusurwa, don kada wani littafi ya fi wani tsufa. Ki shanya wasu a rana su ɗan koɗe. Ki zauna kan wasu kina aikinki. Ta ba wani mai kabu-kabu guda uku ya zauna kansu ya kai fasinja kasuwar dabbobi ya dawo.

Da yamma ki jera su ki ja da baya ki duba. Rissa ya leƙo ta taga ya duba tare da ita.

"Yaya ka gani?"

"Sun yi kama da waɗanda suka yi hatsari, Madam. Allah ya kiyaye gaba."

Ta ɗauko tsohon ƙamus ɗin nan, ta ajiye gefensu. Shi ba tabon shayi, ba lanƙwasa mai awo. Gefen shafukansa ne ya yi duhu daidai inda babban yatsa ke dannewa, takardar ta yi laushi kamar tsohon zane, kuma in an ajiye shi da kansa yake buɗewa a shafin da ke da hoton jirgin sama. Ta gwada nata yatsan a sabon littafi, ta murza, ta murza. Yatsan ya yi girma, kuma ya cika tsabta.

A nan za ki gane abin da ta gane. Aikin nan yana da injinsa, kuma injin yana zuwa da ƙafarsa kowace Laraba.

6. Ki shigo da yara a matsayin kayan aiki

Kada ki ɗauke su masu karatu. Ƙananan yatsu kike nema.

Ranar Laraba suka zo, suka yi layi gaban buta kamar kullum. Madam Hawa ta ɗauke butar.

"Yau ba wankin hannu. Wa ya ci ƙosai kan hanya?"

Suka dubi juna, don sun san tarko in sun gan shi. Ta bi hannuwan da ido, ta zaɓi mafi maiƙo, ta ɗora masa littafi mai shuɗin bango. Yaron ya riƙe shi yadda ake riƙe jaririn maƙwabta. Ta raba wa sauran. Suka zauna, kowa da nasa a tafin hannu, suna jiran a faɗi laifin.

"Ku buɗe."

Suka buɗe.

"Ku taɓa."

Suka taɓa da bakin farce. Wani ƙarami ya fara kuka ba sauti. Kada ki yi mamaki. Tarbiyyar da kika daɗe kina ginawa ba ta rushewa a yamma ɗaya, kuma wannan abin alfahari ne, sai dai ba yau ba.

Mutum ɗaya ce ba ta karɓi abin da aka miƙa mata ba. Habsatu, yarinya 'yar aji uku, mai guntun kitso da baƙin silifa. Madam Hawa ba ta taɓa riƙe sunanta ba, amma ta san hancinta: cikin sawun da take gogewa a gilashi, akwai ɗaya da kullum yake wuri ɗaya, daidai wani littafi mai hoton akuya ta leƙo kai ta tagar mota.

"Tanti, wancan nike so."

Ki ba ta. Duk yatsa yatsa ne.

7. Ki karanta musu, amma kada ki ji daɗi

Yaron da ke juya shafi don an ce ya juya, nan da nan yake kai ƙarshe, bai bar komai ba. Wanda ke son ya san abin da zai faru shi ne ke danne takarda. Saboda haka, don amfanin aiki kawai, ki ɗauki ɗaya ki karanta da ƙarfi.

Madam Hawa ta karɓi na Habsatu. Labarin wata akuya ce da ta bi ganyen da ke ɗaure a bayan wata motar haya, aka rufe da ita, mota ta kama hanyar Agadas. Ta fara da muryar da take karanta sanarwar taro. Yara suka matso. A shafi na gaba suka ƙara matsowa, har gwiwar wani ta hau ƙafarta. Hannuwa suka fara sauka kan hoton, wannan yana nuna direba, wancan yana nuna wata tsohuwa mai kaji. Ta buɗe baki za ta ce a janye, ta tuna, ta rufe.

Ba ta san lokacin da muryar akuyar ta bambanta da ta direba ba. Ta dai ji yara sun kwashe da dariya, ta ɗaga kai ta ga Rissa a taga. Ya ce ƙarfen tagar yake dubawa.

Rana ta yi sanyi daidai inda mota ta tsaya a wata tasha, wani mahauci ya zagayo yana tambaya akuyar nan ta wa ce. Lokacin tashi ya yi. Ki rufe littafi. Doka doka ce.

8. Kada ki ba da aro

Wannan shi ne matakin da Madam Hawa ta karya, kuma an kawo shi nan don ki ga abin da ya biyo baya.

Kowa ya fita, Habsatu ta tsaya.

"Tanti, a ba ni aro."

"Wa ya ce miki ana ba da aro?"

"Ƙohwa." Ta nuna allon da ke jikin ƙofa, ta bi layin da yatsa, ta karanta shi a hankali, kalma bayan kalma, har da "zuwa gida".

Illar koya wa yaro karatu ke nan: ba ya tsayawa inda aka ce ya tsaya. Madam Hawa ta dubi littafin. Ya ɗan samu yatsu, amma a shafukan farko kawai. Ta yi tunanin 'yan kwanaki a gidan mutane za su yi masa abin da shayi bai yi ba. Ta mayar da shi cikin ledarsa, ta kafa sharuɗɗa: ba kusa da wuta, ba kusa da miya, ba kusa da ƙanne. Habsatu ta amsa duka da kai, ta rungume shi ta fita.

Ana gobe baƙi za su zo ta dawo da shi. Leda babu. Littafin ya kumbura kamar ya sha ruwa ya bushe. Yana warin hayaƙi. A bangon akwai sawun yatsa na man gyaɗa, daidai fuskar akuyar. Madam Hawa ta buɗe, ya buɗe kansa a wani shafi da ya tsage daga sama har tsakiya, an kuma ɗinke shi da baƙin zaren kitso, ɗinki ƙanana a jere, kamar bakin zane.

"Mi ne ne wanga?"

"Ni da yayata muka ja. Kaka ta ɗinke. Ta ce a ba ki haƙuri."

"Ledar hwa?"

"Ta ƙulle daddawa ciki." Habsatu ta sunkuyar da kai, sannan ta ɗago. "Ta ce kuma wanda ya rubuta bai taɓa kiwo ba, akuya ba ta zama shiru cikin mota. Ba mu ƙare ba, Tanti. Ni ba ni da sauri, ita kuma kowane shahi sai ta tsaya gardama. Tana son ta ji ko an yanka ta."

"Ki ce mata aro ya ƙare."

Ki bambanta tsufa da wulaƙanci. Tsufa shi ne abin da kika yi da hannunki, da awo. Wannan kuwa in baƙuwa ta gan shi, cewa za ta yi an ba ki amana kin kai ta bakin murhu. Madam Hawa ta tura shi can ƙasan jakarta, ƙarƙashin sallaya, ta ja zif.

9. Ranar baƙi, ki tsaya kusa da jakarki

Ki sa yara su zo da wuri, kowa da littafi a buɗe. Ki bar armuwar a buɗe ita ma, kamar haka take kwana.

Farar mota ta tsaya. Madam Raƙiya ta shigo, siririya kamar yadda aka faɗa, ta gaida kowa har da yara. Ta ƙi kujera. Ta ɗauki littafi ɗaya, ta kai hanci.

"Shayi."

Ta ɗauki na biyu. "Shayi." Ta dubi zoben, ta ɗora na uku a kansa, zobe ya hau zobe daidai. "Yaran Tawa suna son shayi."

"Ƙwarai," in ji Madam Hawa.

"Kuma kofinsu ɗaya."

Daga waje aka ji Rissa ya ja butarsa ya koma bayan bishiya.

Baƙuwar ta duba kusurwoyin da aka lanƙwasa, ta ga kowace ta yi daidai da 'yar'uwarta. Ta buɗe wani a tsakiya, ya yi 'yar ƙarar nan da littafi ke yi ranar da aka fara buɗe shi. Babu fushi a fuskarta, abin da ya fi muni ke nan.

"Madam, kin sha wahala, kuma aikinki ya fi tsabta. Wani gari mota suka sa ta bi ta kan littattafan." Ta leƙa waje. "Direba, kawo kwalayen nan."

Kwalaye suka shigo, babu komai ciki. Yara suka gane kafin a faɗa musu. Yaron nan mai maiƙo ya tura shuɗin littafinsa ƙarƙashin cinya. Madam Hawa ta tsaya riƙe da jakarta, tana kallon direba yana buɗe bakin kwali na farko.

Habsatu ta taso ta tsaya gabanta. Ba ta ɗaga murya ba, amma ɗakin ya yi shirun da ko raɗa ana ji.

"Tanti, in za a tahi da su, a bar na akuya. Kaka tana jira."

"Wane na akuya?" in ji Madam Raƙiya.

A nan kina da hanyoyi. Kina iya cewa ya ɓace. Kina iya cewa yarinya ce, ba ta san abin da take faɗi ba. Madam Hawa ta auna duka biyun. Shekarunta na aiki ba a taɓa kama ta da yagaggen abu ba, kuma in za a kwashe kaya, gara a kwashe su a bar ta da sunanta. Sai dai yarinyar tana kallon jakar, ba fuskarta ba. Ta ga lokacin da aka sa shi.

Ta ja zif. Ta ɗaga sallaya. Ta miƙa shi ba ta dubi kowa ba.

Madam Raƙiya ta kai hanci, ta daɗe. "Hayaƙi," ta ce. "Da daddawa." Littafin ya buɗe kansa a hannunta. Ta bi ɗinkin da yatsa daga sama har ƙasa, ta juya shafin ta duba bayansa. "Wa ya yi wannan?"

"Kakata."

"Tana karatu?"

"A'a. Ni ke karanta mata, ita tana gyara ma akuyar."

"Ina kuka tsaya?"

Habsatu ta karɓa, ta nemo wurin. Ta fara karantawa a tsaye, tana tuntuɓe, tana komawa baya. Da ta kai maganar mahauci, wani daga kan tabarma ya ce ba haka Tanti ke yin muryarsa ba. Wata ta ce ai Tanti ba ta kai nan ba. Gardama ta tashi. Daga taga wata murya mai kauri ta ce a bar yarinya ta ƙarasa. Direba yana tsugune gaban kwali, hannunsa ɗaya ciki, shi ma ya tsaya.

Madam Raƙiya ta ɗaga hannu. "Ya isa. Sauran na Kaka ne, kada mu riga ta." Ta juyo wajen Madam Hawa. "Me ya sa yake cikin jaka?"

"Kunya."

"Duk ɗakin nan shi kaɗai ne ba abin kunya ba." Ta dubi jeren. "Ɗaya ne tak. Amma inda aka samu ɗaya ana samun biyu. Zan dawo bayan damina, kuma ba na son in ji shayi. Wannan yau zai koma gidan Kaka." Ta dubi direba. "Mayar da kwalayen nan. Kawo ɗaya daga masu nauyin."

Kwalin da ya shigo cike yake da sababbi, kowanne cikin ledarsa yana sheƙi. Madam Hawa ta ji hannunta ya nufi mabuɗi da kansa.

"Ki cire musu ledar a gabana," in ji baƙuwar.

Ta nemi reza. Yara ba su jira reza ba.

10. Ki samo wa armuwar aiki

Kin yi nasara: littattafanki sun kwana a Tawa, ko da yake ba duka a ɗakin karatu ba. Yanzu suna kan wani dogon benci daidai tsayin yaro, ba dogo a baya, ba ja wuri ɗaya. Kullum akwai giɓi a jeren kamar bakin ɗan shekara bakwai. Wasu suna dawowa da ƙamshin albasa, wani ya dawo da hatsin gero a tsakiya, wani har Kalfu ya je biki ya dawo. Laraba ta zama ranar da ma'aikatan ofishin da ke maƙwabtaka ke rufe tagoginsu.

Kaka ta ji ƙarshen labari. Ba a yanka akuyar ba. Ta aiko cewa ƙarya ce, babu mahaucin da zai bari, amma a ba Habsatu wani, in da hali mai raƙumi, ta ga ko shi an san shi.

Armuwar kuwa ba a sa mata buhun gero ba. Madam Hawa ta tsince ledojin nan, har da waɗanda yara suka yayyaga, ta goge, ta ninke, ta jera su ciki: manya a baya, ƙanana a gaba. Ta kulle. Mabuɗin yana cikin jakarta. Har yau babu wanda ya taɓa ko ɗaya, kuma gilashin bai sake ganin hanci ba.

Faɗakarwa

Mai wannan rubutu alƙawarin tsufar littafi ta yi, kuma ya tsufa. Abin da ya biyo baya ba da yawunta ba. Ba ruwanta da hayaniyar Laraba, ko shafin da aka ɗinke, ko mai gadin da ya bar ƙofa yana duba ƙarfen taga, ko tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakkwal ba amma take aiko wa marubuta gyara. In yara sun fara tare ki a hanya suna cewa ki yi musu muryar akuya, ke kika karya mataki na takwas. An faɗa miki kada ki ba da aro.